Gyaɗar da Na Ware wa Gidana

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana, kuma tun da na fita takaba nake buɗe kaye, littafin rubutuna, in rufe. Karatuna bai wuce aji shida na lakwal ba. Ina tsoron in rubuta abin da lokotoro, wato likita, bai faɗa ba, wani ya bi ya cutu, alhakin ya hau kaina. Ina tsoron dangin mijina su ji su ce ashe ni ce. Ina kuma tsoron matan da muke sana'ar mai tare su ce na ɓata musu kasuwa. Abin da ya rinjayi duk wannan shi ne ɗiyata Zuwaira. Allah ya ba mu huɗu ya bar mana ita kaɗai, kuma shekara ashirin ta yi tana cin abin da ubanta ya ci, tukunya ɗaya, daga hannuna. So nake in san ko akwai abin da zan yi mata tun tana tsaye da ƙafarta. Na tambaya inda ƙafata ta kai ban samu amsa ba, shi ya sa na rubuta.

Muna zaune a wani ƙauye cikin ƙasar Kwaya. Malam, haka nake kiran maigidana, manomi ne, yana da 'yan shanu a hannun wansa, Yaya Sale, wanda ya fi ba kiwo ƙarfi. Ni kuwa man gyaɗa nake yi da ƙuli-ƙuli, ina kaiwa kasuwar Dungas. Tun ina ƙarama uwata ta dasa mini abu biyu: kada in ɓoye wa mai saye aibin kaya, kada kuma in zubar da abinci. Na riƙe su fiye da yadda ita kanta ta riƙe. Idan na ɓare gyaɗa nakan baza ta a faifai in bi ta ƙwaya-ƙwaya. Wadda ta yamushe, wadda ta yi baƙi, wadda ƙwaro ya huda, wadda in ka fasa za ka ga wani kore-kore a cikinta, duk sai in ware su a wata ƙwarya. Wasu mata haɗawa suke yi su soya, in an niƙa ba mai ganewa. Ni in na yi haka hankalina ba ya kwanciya. Shi ya sa aka san maina a kasuwa, har akwai masu tsayawa su jira ni.

Wadda na ware ɗin ita muke ce wa ta gida. Ba a zubar da ita. Da ita nake miya, da ita nake kunu, ƙulinta nake dakawa in yi kwaɗon zogale. Tana da ɗaci, wani lokaci har da ɗan wari, sai in jiƙa kanwa in tsiyaya a ciki, ɗacin ya kwanta. Haka na tashi na ga ana yi, kuma a tunanina kanwa tana kashe duk mugun abin da ke cikin abinci. Malam yakan tsokane ni. In ya kai loma ya ji ɗaci sai ya ce, "Yau ma mutanen Dungas sun ci gyaɗa, mu mun ci tsoron Allahnki." Ya yi dariya ya cinye. Shekara ashirin da huɗu muna haka. Ko bayan an kai Zuwaira gidan mijinta a Bande ban daina ba, duk wanda na ji zai je can sai na ƙulla mata ƙulin ta gida ya kai mata. Kakar da ta gabaci ciwon Malam ruwa ya sauka a kan gyaɗa bayan an tuge ta tana shanye a gona, don haka ta gida ta fi yawa a shekarar. Har na ji daɗi a lokacin, na ce ba za mu rasa miya ba.

Abin ya fara ne ana shiga bazara. Malam ya riƙa rage tuwo, mutumin da ba ya barin komai a kwano. Yana gyaran danga sai in ga ya zauna ya dafe gefen dama, ƙasan haƙarƙari. In na tambaya ya ce zafi ne ya yi yawa bana. Sati biyu muna haka. Da na ga fuskarsa ta yi fari-fari, na sayo masa maganin ƙarin jini a wurin masu tebur ranar kasuwa, jan ruwa a kwalba, yana shan cokali biyu kullum. Ban tambayi kowa ba. Na ga an rubuta shi don mai ƙarancin jini, na ga mijina kamar ba jini.

Cikin sati na uku, da safe, yana alwala a bakin randa, na ga farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Fitsarinsa kuwa kamar shayin da aka bari ya dahu sosai. Kowa ya ce shawara ce. Aka fara kawo saiwoyi da sassaƙe, wannan a jiƙa, wancan a dafa a yi turare. Ban raina kowa ba, duk don Allah suka kawo, kuma duk na ba shi, domin ina tsoron wanda zan ajiye ya zama shi ne maganin. Da na ga ba sauƙi na matsa masa muka hau kabu-kabu zuwa ƙaramin gidan likita na kusa da mu. Majo, wato babban ma'aikacin wurin, ya kwantar da shi ya danna cikin. Ina kallon fuskarsa lokacin da hannunsa ya kai gefen dama. Ya sake dannawa a hankali, sannan ya rubuta takarda ya ce mu tafi birni a yi masa eko, hoton da ake leƙa ciki da shi, kada mu yi jinkiri.

Mun yi jinkiri. Malam ya ce ga sharar gona, ga taki ba a fitar ba, in ruwa ya sauka yana kwance a birni wa zai yi masa shuka. Na yi magana sau biyu, ya ce in bari ya gama. Na bari. Na sa takardar cikin kwalla, kullum in buɗe in duba ta in mayar.

A tsakanin nan ne Yaya Sale ya zo daga wurin shanu da dunƙulen jar kanwa a bakin rawaninsa. Mutum ne mai son ƙanensa, ya yi tafiyar wuni a ƙasa don ya kawo ta. Ya ce shanu suna cin harawar da ta ruɓe, suna shan ruwan tabki mai kore, abin da ke wanke musu ciki kanwa ce, kuma bai taɓa ganin saniyar da ake ba kanwa ta yi shawara ba. Malam ya ce masa, "To Yaya, ka ɗaure ni a turke mana, ka haɗa ni da su." Yaya Sale ya ce da ya samu haka da ya huta, don saniya ba ta musu. Suka yi dariya. Ni kuwa maganar ta shige ni, domin ta yi daidai da abin da na riga na yarda da shi. Daga ranar na riƙa dama masa kunun kanwa safe da yamma, mai kauri, kanwar har tana ɗan yi masa zafi a harshe.

Sati uku ina yi. Cikinsa ya fara tasowa. Da farko na yi murna, na zaci ƙiba ce ke dawowa, sai na lura hannuwa da wuya ramewa suke yi. Na samu zare na riƙa zagaya cikin da shi kowace safiya ina ƙulla alama, kullum ƙullin yana matsawa gaba. Ƙafafu suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Ga ƙaiƙayi, yana susa har fata ta yi fari. Da na ga kumburin sai na ƙara kanwar, a tunanina dattin ne ya taru yana neman hanyar fita.

Zuwaira ce ta raba mu da wannan. Labari ya kai mata Bande, ta nemi izinin mijinta ta zo. Tana shiga ta ga ubanta a kan tabarma, ta ajiye kayanta ba ta ko sha ruwa ba, ta ce gobe za a tafi birni. Malam ya fara maganar gona, ta ce, "Baba, gonar ba ta kumbura ba." Ni ban taɓa iya yi masa magana haka ba. Aka sayar da rago, Yaya Sale ya kawo amalanke ya kai mu bakin hanya, muka shiga mota.

Kwana uku muka yi a babban gidan likita kafin a duba shi yadda ya kamata. Ranar farko layin tikiti ya cinye mana safiya, da muka kai aka ce takardar majo ta tsufa, sai an sake rubuta wata. Rana ta biyu aka ɗauki jini, aka ce mai eko ba ya nan. Rana ta uku yana nan, wuta ce babu, sai bayan azahar ta zo. Mutum mai ciki kamar tulu yana zaune a kan siminti, ana tura mu daga wannan taga zuwa waccan, ba mai ɗaga kai ya dube shi. Wannan ya yi mini ciwo, har yanzu yana yi. Amma a wurin nan ne kuma wata mai shara, ban ko san sunanta ba, ta nuna mana inuwar da ba a kora, ta gaya mana ƙofar da za mu tsaya tun da sassafe, ta aro mana benci ya kwanta. Allah ya saka mata da abin da ya fi wannan.

Lokotoron da ya karɓe mu matashi ne, yana jin Hausa sosai, kuma bai gaggauta mu ba. Bayan ya ga hoton ya tambaye ni me nake ba shi a gida. Na lissafa masa duka, ban rage ko ɗaya ba. Da na kai kan kanwa ya ajiye bik ɗin da yake rubutu da shi ya tambaya sau nawa a rana, sati nawa. Na faɗa. Ya ce daga yau ba kanwa, ba gishiri, ba dunƙulen miya. Ya ce hantar da ta gaza ba ta iya da gishiri, kanwa kuma 'yar uwar gishiri ce, duk inda ta shiga sai ta riƙe ruwa, ruwan nan ne ya cika masa ciki. Jan maganin ƙarin jini ma ya ce in ajiye, akwai ƙarfe a cikinsa, ƙarfe in ya yi yawa nauyi ne a kan hanta mai ciwo. Bai yi mini faɗa ba. Na so a ce ya yi. Ranar suka sa allura a gefen cikin suka zuƙe ruwa, rawaya, ya kusa cika bokiti. Malam ya yi numfashi mai tsawo ya ce ya ji kamar an sauke masa buhu.

Washegari sakamakon jini ya fito. Lokotoro ya sa Zuwaira ta zauna da ubanta, ya kira ni ofishinsa. Ya ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa, ya wuce a yanka, ya wuce a kai shi wani gari. Abin da ya rage shi ne a rage masa zafi. Ya ce a jinin akwai wata ƙwayar cutar hanta da mutum kan ɗauka tun yana yaro ya girma da ita bai sani ba. Sannan ya tambayi abincinmu, ko muna yawan cin gyaɗa ko masara da ta daɗe a ajiye.

A nan ne na ba shi labarin tsintar da nake yi. Allah ya sani da ɗan alfahari na fara, domin abu ne da aka san ni da shi. Na ce ba na sayar wa kowa mara kyau, mu muke ci. Ya tambaya tun yaushe. Na ce tun da aka kawo ni gidan.

Abin da ya faɗa, ga yadda na riƙe shi. Fumfunar da ke kama gyaɗa in ta sha laima tana barin dafi a cikinta. Dafin ba ya mutuwa da suya, ba ya mutuwa da dahuwa, kuma ya fi taruwa a irin ƙwayoyin da nake warewa. In an ci yakan wuce hanta. Ya ce hanta tana da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowanne da rubutu a cikinsa mai gaya masa lokacin da zai girma da lokacin da zai tsaya. Dafin nan rubutun yake taɓawa, kamar ɗigon ruwa a kan allo, yau harafi ɗaya, wata shekara wani. In ya faɗa a kan inda aka ce tsaya, ɗakin sai ya yi ta girma ba tsayawa. In kuma waccan ƙwayar cuta tana nan, su biyun in sun haɗu sun fi kowanne shi kaɗai ɓarna nesa ba kusa ba. Na roƙe shi ya rubuta mini sunan dafin a kayena. Ya rubuta: aflatoxine.

Na ce, "Amma ina sa kanwa, lokotoro. Kullum ina sawa."

Ya ce, "Ɗacin ta ɗauke miki, Inna. Ko ta rage dafin, ko ba ta taɓa shi ba, ba zan yi miki ƙarya ba, ban sani ba."

Na tambaye shi ko babu wani abu a abinci da ke tare wa hanta wannan ɓarna. Ya ce akwai ƙananan sinadarai na ƙasa da jiki ke samu ta hanyar abinci, ya kira zenk, wanda na sani domin shi ake ba yara tare da ruwan gishiri da sukari in suna zawo, ya kira wani kuma mai suna seleniyom. Ya ce masu bincike sun gwada su a kan dabbobi da cikin kwalabe, a wasu lokutan an ga kamar suna rage taɓa rubutun nan, amma a jikin mutum ba a tabbatar ba, kuma in sun yi yawa su ma cuta ne. Ya gargaɗe ni kada in je in sayi ƙwayar zawon yara in ba kowa. Ya ce abin da ya tabbata ɗaya ne, kada dafin ya shiga baki tun farko. Wannan kuwa ni na riga na makara da shekara ashirin da huɗu.

Muka dawo gida da ordinas, takardar sayen maganin zafi. Sati biyar ya yi bayan nan. Na koma dafa masa abinci daban, ba gishiri ba kanwa, kunun gero tsararo da ɗan nono. Yakan kurɓa ya ce ko mai takaba an fi tausaya mata. Ruwan cikin ya dawo, amma a hankali, ba kamar lokacin kanwa ba, kuma ganin wannan bambanci ya fi komai hana ni sukuni. Sau ɗaya muka koma aka sake zuƙewa. Zuwaira ce ke juya shi, ni ke shafa masa man kaɗe inda yake susa. Maƙwabta ba su bar mu ba, da ruwan sama ya sauka samarin unguwa suka shuka masa gonar ba tare da an roƙe su ba. Yaya Sale ya sake zuwa da kanwa. Na karɓa na gode na ɓoye ta a rumbu. Ban iya gaya masa ba, har yau bai sani ba.

Malam kam na gaya masa. Na yi kwana goma ina ɗauke da maganar. Wata rana da hantsi, Zuwaira ta tafi rijiya, na zauna kusa da kansa na faɗa masa duka, ta gida, dafin, rubutun, kanwar. Na ce ya yafe mini. Ya saurara idonsa a rufe.

Ya ce, "Kin taɓa dafa wa kanki daban?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To ga ki zaune, ga ni kwance. Ki bar wa Mai rabawa aikinsa. Ni ban ga abin yafewa ba, amma tunda na san ba za ki bar ni in huta ba, na yafe." Na zaci barci ya ɗauke shi. Sai ya buɗe ido ya ce, "Yarinyar nan fa? An duba nata jinin?"

Ba a duba ba. Ina ta kukan wanda ke kwance, ban tuna da wadda ke tsaye ba. Ya ce gobe mu tafi, Yaya Sale zai zauna da shi.

Muka koma birni mu biyu, aka ɗauki jininmu duka. Nawa ba komai. Na Zuwaira akwai ƙwayar cutar, irin ta ubanta. Lokotoro ya ce yara sukan ɗauka a cikin gida tun suna ƙanana, ba laifin kowa ba ne. Aka yi mata eko, ya ce hantar lafiya take tukuna. Kalmar tukuna ɗin nan da ita na fito daga ofishin. Ya ce ta riƙa zuwa duk wata shida a duba, a duba mijinta shi ma, kuma ta yi nesa da duk gyaɗa ko masarar da ake shakka. Zuwaira ta karɓi takardar ta ninke ta sa a zani, ta ce mu yi sauri kada mota ta tashi.

Da muka iso gida bayan la'asar, tun ban ajiye mayafi ba ya tambaye ni. Na ce masa lafiya lau, ba a ga komai ba. Ban taɓa yi masa ƙarya ba sai ranar. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce alhamdu lillahi ya juya fuska bango. Ban san ko ya yarda ba. Kwana huɗu bayan nan hankalinsa ya fara gushewa, yana kiran shanu da sunayensu, yana tambayar ko an rufe rumbu. Ranar Talata da walaha ya cika, kansa a cinyar wansa. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Tun daga nan nake tambaya. Na koma wurin majo, ya ce kanwa ba ta yi wa dafin komai, in cire wannan a raina. Na tambayi likitan dabbobi da ya zo yi wa shanun Yaya Sale allura, ya ce ya ji a wasu wurare ana haɗa wata irin laka a abincin kaji da shanu, tana kama dafin a hanji ta fita da shi kafin ya kai hanta. Na ce ko farar ƙasa ce da masu ciki ke ci, ya ce bai sani ba, kada in gwada a kan mutum. Ya kuma hana ni zuba wa shanu ta gida, ya ce dafin yana bi ta nono ya dawo cikin ƙwarya. Yanzu rami nake haƙawa a bayan gida in binne ta, ina binnewa ina istigfari, domin har yanzu hannuna na ganin abinci ne.

Na gaya wa matan da muke suya tare. Wasu suka ce kakanninmu sun ci sun tsufa. Wata maƙwabciyata, da take warewa kamar ni, ta tsorata ƙwarai ta daina ba 'ya'yanta. Na yi murna, sai daga baya na ga ta koma haɗa tata cikin ta kasuwa. Da na yi mata magana ta ce, "To Yaya, ke kika ce kada mu ci. In zubar in ci me?" Kwana biyu ina tunanin ko da na yi shiru da ya fi.

Zuwaira ta koma Bande. Lafiyarta lau a ido, tana aikinta, tana dariya, in na kira ta a waya ta ce, "Inna, kin fara ko?" Amma gidan da take gidan gandu ne, tukunya ɗaya ake yi, uwar mijinta ce ke riƙe da rumbu da kayan miya. Mace ce ta kirki, sai dai ba ta tsintar gyaɗa ko kaɗan, kuma ba ta miya ba kanwa. Matar ɗa ba ta ture kwanon uwar miji ta ce akwai dafi a ciki. Ina aika mata da gyaɗa mai kyau, wadda na bi sau biyu, sai a juye ta cikin ta gidan a haɗa. Kullum in na zauna cin tuwo sai in tuna ita ma yanzu tana can tana ci.

Don haka nake roƙon duk wanda wannan rubutu ya kai gare shi, lokotoro ne, malamin gona ne, ko wanda ya yi jinyar irin wannan ciwo. Malamar lakwal ta garinmu ce za ta sa shi inda ake karantawa, kuma duk abin da aka rubuto za ta nuna mini. Ku gaya mini gaskiyar kanwa: in an dafa gyaɗa mai fumfuna da ita, tana rage dafin ne, ko rufe shi kawai take yi, ko ƙara masa ƙarfi? Wannan zenk da ɗayan, a wane abincinmu na nan ake samun su, gero ne, wake ne, zogale ne, ko sai nama? Akwai wanda ya san mutumin da suka yi wa amfani, mutum ba dabba ba? Lakar nan da ake ba kaji, an taɓa yin irinta ta mutane? Harafin da ya riga ya goge, yana komawa, ko sai dai a tsare sauran? Wanda bai tabbata ba, don Allah ya ce bai tabbata ba, na riga na yi wa mutum ɗaya magani da zato. In kuma akwai dattijuwar da ta san yadda ake gaya wa uwar miji irin wannan magana ba tare da an ɓata wa yarinya zamanta ba, ita ma ina jiran ta. Farkon damina za a sake yi wa Zuwaira eko. Tsakanin yau da ranar, sau uku take cin abinci kullum.